Laimar da Baba Bai Taɓa Buɗewa Ba

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

A sani, a kuma adana saboda 'yan baya: yau da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu na yamma, ni Clive Haigh, ma'aikacin laburare a Huddersfield, mai shekara hamsin da huɗu, cikin hankalina kuma ba tilas, na yanke hulɗa da shirin talabijin na Kafin Yashi Ya Ƙare. Na miƙe, na ajiye kofin shayina, na sanar da jama'ar falo.

Jama'ar falo mutum biyu ce. Moira matata ta ce, "To, matsa, ka tare mana." Baba ko ɗagowa bai yi ba.

Dalili: sabuwar mai gabatarwa, Saskia Mellor. Har makon jiya aikinta shi ne ta tsaya gaban taswira ta gaya wa mutanen Yorkshire cewa za a yi ruwa, labarin da ko karen gida ya sani. Yau an damƙa mata agogon yashin shirin. Ta juya shi da hannu ɗaya, kamar mai barbaɗa gishiri a soyayyen dankali.

Talata, 3 ga Satumba

Ban kalla ba. Na zauna a kicin, ƙofa a buɗe saboda iska. Cikin tambayoyi goma sha biyu na san tara.

Alhamis, 5 ga Satumba

Moira ta ce ba ni da adalci, don haka na zauna na jera su duka biyar kamar jerin sarakuna, a ga inda aka faro da inda aka faɗo.

Lionel Threadgold, daga 1984 zuwa 2001. Farin gashi, fure a ƙirjin kwat, murya kamar ta lauya mai karanta wasiyya. In ya ce "Yashi ya fara zuba," har akun maƙwabta yakan yi shiru. Ba a sake yin kamarsa ba.

Barry Cudworth, ɗan barkwanci, shekara biyu. Sau biyu ya fasa agogon, ɗaya da gwiwar hannu, ɗaya kuma ina zargin da gangan.

Hilary Venn, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, shekara tara. Wanda ya faɗi tambaya sai ta dube shi ta saman tabarau. Na ga wani babban likita ya ba ta haƙuri.

Rex Pomfret, mai sharhin wasan kurket, shekara goma sha biyu. Mutumin kirki. Ya taɓa yin gyangyaɗi ana tsakiyar shiri, ba wanda ya lura sai da yashi ya ƙare.

Sai kuma 'yar ruwan sama.

Shirin kansa bai canza ba. Mutum biyu, tambayoyi, yashin daƙiƙa ashirin. Wanda ya ci ya dawo gobe, wanda ya faɗi a miƙa masa koriyar laima a raka shi ƙofa.

Na karanta wa Baba jerin. Ya ce, "Farfesa ya yi littafi." Haka yake kirana tun ina firamare, kuma ba yabo ba ne.

Lahadi, 8 ga Satumba

Moira ta goge koriyar laimar Baba. Takan goge ta duk Lahadi tun da Mama ta rasu, Baba ya dawo wurinmu da akwati biyu da ita a hammata. Tana rataye bayan ƙofar shiga. Ba a taɓa buɗe ta ba, ko sau ɗaya, a garin da ruwa yake sauka kwana biyar a mako.

Ban taɓa rubuta labarinta ba. Bari in rubuta in huta.

Nuwamban 1984, shirin yana da wata biyu da farawa, Baba ya shiga. Lokacin yana tuƙa bas tsakanin Huddersfield da Marsden. Aka yi kunnen doki, aka zo tambaya ta ƙarshe: wane ramin jiragen ruwa ne mafi tsawo da aka huda ƙarƙashin tsauni a ƙasar nan? Standedge. Bakin ramin yana Marsden, inda Baba yake juya bas ɗinsa sau shida a rana. Da barci yake aka tashe shi, zai faɗa.

Amma Baba yana da in'ina tun yarinta. Ya buɗe baki, farkon kalmar ya riƙe shi, daƙiƙa ashirin cur yana "S-s-s", yashi ya ƙare. Aka miƙa masa laima.

Shekarata goma sha huɗu. Daga washegari har hutun Kirsimeti, duk inda na bi a makaranta sai a yi mini ƙarar tayar da take sacewa.

Tun daga nan nake ƙarasa masa magana. A kanti, a asibiti, a coci. Da ya fara cijewa sai in ba shi kalmar, mu wuce. Wani ai dole ya yi.

Laraba, 18 ga Satumba

Wasiƙa ta zo daga gidan talabijin. Shirin zai cika shekara arba'in, suna neman waɗanda suka fito a shekarar farko, waɗanda suka rage, su dawo a sake karawa. Za a ɗauka ranar 24 ga Oktoba a Leeds.

Baba ya sa tabarau ya karanta sau uku. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Zan je."

Na ce, "Baba, ƙafarka fa."

"A zaune ake yi."

Moira ta tafa hannu ta ce sai an sai masa sabuwar kwat, waccan tun jana'izar Mama take. Ya ce waccan lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau in gawa za a raka." Suka yi ta dariya su biyu. Ni na je na wanke kofunan da aka riga aka wanke.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na jera littattafan girki a sashen tarihin yaƙi, sai da wata tsohuwa ta nuna mini.

Baba shekararsa tamanin da huɗu. A 1984 an kalla sau ɗaya, an yi dariya, an manta, in ban da 'yan ajinmu. Yanzu kuwa yanka wurin za su yi, su yi ta tura wa juna a waya har bayan ransa. Kuma a hannun wa? Yarinyar da take magana kamar mai gwanjon shanu a kasuwar Skipton.

Ba zan sake zama a wancan ɗaki in ji wannan dariyar ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Na rubuta wa masu shirin. Shafi biyu, kuma ko ni na faɗa, rubutu ya yi kyau. Na roƙi a ba shi ƙaramin allo ya riƙa rubuta amsa ya ɗaga. Ban gaya wa kowa ba. In sun yarda sai a ce ra'ayinsu ne.

Asabar, 28 ga Satumba

Kicin ya koma filin atisaye. Moira ta ɗauko agogon yashin da take dafa ƙwai da shi, ta ja masa layi da jan farce daidai daƙiƙa ashirin. Tana karanto tambayoyi daga wani tsohon littafi da na kawo daga wurin aiki, tana kwaikwayon muryar Hilary Venn, Baba yana zaune da hularsa a ka, wai a haka tunani ya fi zuwa masa.

Mutumin nan ya san abubuwa. Koguna, sarakuna, tashoshin jirgin ƙasa da aka rufe tun ban zo duniya ba. Wasu amsoshin suna fita sumul. Wasu suna cijewa. Da ɗaya ta cije na ce "Kogin Trent" daga bakin ƙofa.

Moira ta ce, "Kai ba ka yanke hulɗa ba? Fita."

Sun ci biskit fakiti guda. An ce kowace amsa daidai biskit ɗaya, amma na ga ana ci har a kan kuskure.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Asiri ya tonu.

Ina wurin aiki wayar gida ta yi ƙara. Saskia Mellor ce da kanta. Moira ta ce ta nemi "Baba Norris", ta gaya masa an aiko da wasiƙa a kan allo, kuma ita ba za ta yanke komai ba sai ta ji daga bakin mai baki. Minti arba'in suna magana. Arba'in! Baba, wanda rabonsa da ɗaga waya tun Mama tana da rai. Na tambayi Moira me suka tattauna. Ta ce motocin bas, da wata kakar Saskia da ta yi kwandasta a Bradford, da kuma ni.

Da muka zauna cin abinci ya bar ni na yanka dankalina tukun.

"Allo," ya ce.

Na fara bayani. Ya ɗaga cokali mai yatsu, na yi shiru. Abin da ya faɗa ya ɗauki lokaci, kuma ba zan rubuta cijewar ba, takarda ba ta da haƙurinta.

"Ni ba kurma ba ne, ba bebe ba. Jinkiri gare ni. Shekara arba'in kana ƙarasa mini magana, Farfesa, rabinta kuma ba abin da zan faɗa ba ke nan."

Na ce, "Kamar yaushe?"

"Gidan abincin bakin kasuwa. Ranar farko da muka je na tsaya a tsakiyar magana, ka ce wa yarinyar kifi nake so. Shekara ashirin duk Asabar da sun hango ni sai su jefa kifi a mai. Ni na tsani kifi."

Moira ta shaƙe da ruwa. Sai da ta fita lambu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kwana uku bai yi mini magana ba. Wani zai ce ai dama ba mai surutu ba ne. Amma wannan shirun da sunana a jikinsa.

Talata, 8 ga Oktoba

An sayo kwat. Shuɗiya. Moira ta ce ya yi kama da ango, ya ce ya yi kama da mai sayar da inshora. Bai cire ta ba har aka gama shirin yamma, wanda na ji daga kicin. Wata mata daga Hull ta rikice ta manta sunan mijinta, 'yar ruwan sama ta ce, "Kar ki damu, shi ma yana gida yana ƙoƙarin tuna naki." Ba laifi. Sa'a ce.

Asabar, 12 ga Oktoba

Saskia ta aiko wa Baba da hoton shirin 1984, wai ta sa an tono shi daga ma'ajiya. Ni ban so a kunna ba. Aka kunna.

Abin da Baba ya fara faɗa: "Kai, ku dubi suma!"

Ga Mama a layi na biyu da hular da ta aro wurin maƙwabciya. Ga ni kusa da ita, kunnuwa kamar hannun tukunya. Baba ya sa aka tsayar da hoton a kan Mama.

Sai tambaya ta ƙarshe.

Shekara arba'in ina tuna Threadgold yana tsaye cikin natsuwa yana jiransa, fuska cike da tausayi. Haka na ajiye shi a kaina. A hoton kuwa, Baba yana fama, shi yana ƙwanƙwasa gilashin agogon da zobensa. Ya juyo ya ɗaga wa 'yan kallo gira. Da yashi ya ƙare ya ce, da muryar nan tasa ta wasiyya, "Da alama bas ɗin Malam Haigh ta ƙi tashi yau." Ɗaki ya fashe da dariya. Shi ya ba su izini.

Na ce, "Baba, ka tuna wannan?"

"Ina wurin ai."

"To me ya sa kake kallon shirinsa kullum, shekara goma sha bakwai?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Tambayoyin suna da kyau."

Na je na ciro jerin sarakunan nan nawa daga aljihun tebur na duba. Na mayar.

Laraba, 23 ga Oktoba

Baba ya goge takalmi. Ya sauko da laimar da kansa, wai ita ma an gayyace ta. Moira ta kafa mini doka: gobe in na buɗe baki a ɗakin nan, a Leeds zan kwana.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in bi a hankali.

Jirgin ƙasa na ƙarfe tara da minti goma. Dandamalin shirin ƙarami ne, bai kai falonmu biyu ba, kuma teburin da nake gani kamar katakon coci ashe kwali ne da fenti. Saskia ta zo da kanta ta tarbe mu, gajeriya, da takalmin gudu, tana cin ayaba. Ta gaida Baba, ta rungume Moira, ta dube ni.

"Kai ne Farfesa? Wasiƙarka ta yi kyau. Na karanta wa mahaifiyata, ta ce a sa ka rubuta mata ta majalisar gari a kan shara."

Abokiyar karawar Baba wata tsohuwar ungozoma ce daga Whitby, mai shekara saba'in da tara, ta zo da tata laimar duk ta koɗe. Wani mai ɗaukar hoto, baƙo daga wata ƙasa, ya ce Baba ya buɗe tasa a gani. Mutum ashirin suka yi ihu lokaci guda, "A cikin ɗaki? Kar ka soma!" Masu digiri, masu na'urori na zamani, amma ba mai yarda a buɗe laima ƙarƙashin rufi a jawo wa shiri tsiya ranar cikarsa arba'in. Ni ma na yi ihun. Ban san na yarda da abin ba sai jiya.

Aka kunna fitilu. Kafin a fara wasa takan ɗan yi hira da kowa. Da ta zo kan Baba ta ɗauki agogon yashin ta kwantar da shi a gefensa a kan tebur, ta naɗe hannu.

"Baba Norris, shekara arba'in da suka wuce an yi maka tambaya a ɗakin nan, ba a tsaya an ji amsarka ba. Wannan ba ta cikin maki. Ni dai ina so in ji." Ta maimaita tambayar.

Ya buɗe baki. Ya cije.

S-s-s.

Kalmar tana kan harshena, na ji ta tana tura haƙorana. Moira ta dasa farcenta a gwiwata, har yanzu da alama. Na dubi Saskia. Ba ta yi murmushin ƙarfafa gwiwa ba, ba ta gyaɗa kai ba, ba ta dubi 'yan kallo ba. Ta dai tsaya tana kallonsa kamar mai jira a tasha, wadda ta san bas ɗin tana zuwa. Kuma da yake ita ba ta motsa ba, ba wanda ya motsa. Mutum ɗari da hamsin, ko tari babu.

Na ƙirga. Daƙiƙa talatin da ɗaya.

"Standedge," in ji Baba. Sannan, sumul, kamar an buɗe famfo: "Mil uku da kwata. Na kai mutane bakinsa shekara ashirin da shida."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Moira ta ce na yi wani kuka irin na jaki. Ungozomar Whitby ta tashi ta sumbace shi a sanƙo.

Sai aka tayar da agogo aka yi wasa na gaske, yashi ɗaya ga kowa, yadda ya nema. Biyu sun cije masa har lokaci ya ƙare, ya ɗaga hannu ya ce a wuce, ba wanda ya mutu. Biyar sun fita. Aka zo ta ƙarshe, biyar da biyar, wallahi kamar an shirya. A wane sashe na jikin mutum ƙashi mafi ƙanƙanta yake?

Yashi ko rabi bai yi ba Baba ya buga tebur.

"Ɗan yatsan ƙafa!"

Da ƙarfi, tsaf, har bayan ɗaki.

Saskia ta rufe fuska da katin tambaya. "Baba, da na so in ce e." Ungozoma ta ce kunne, kuma kunne ne.

Baba ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Da ta miƙa masa sabuwar laima ya ce mata, "Wannan ita ce na ci da gumina. Waccan ba ni aka yi."

Muka fito ana ruwa, yadda kowane kare ya sani. A kan matakala, a waje, ƙarƙashin sama, ya miƙa wa Moira sabuwar, ya kama tsohuwar da hannu biyu. Ta ƙi. Na kai hannu, na janye. Ya sake turawa, ta buɗe da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, rabin yadin ya rabu da ƙarafunan, ƙura da gawar asu suka zubo masa a sabuwar kwat. Haka ya riƙe ta har tasha, ruwa yana zuba masa ta tsakiya, yana gaida duk wanda ya kalle shi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Gidan abincin bakin kasuwa. Da suka hango mu har sun ɗauko kifi. Baba ya ɗaga hannu. Yarinyar ta tsaya da alƙalami, ni na duƙufa karanta bayan kwalbar miya, kalma bayan kalma.

Hanta da albasa yake so. Shekara ashirin.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yau aka nuna shirin. Falo ya cika, har da tsofaffin direbobi uku da ban san suna da rai ba. Ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya daga cikin talatin da ɗayan ba. Baba ya ce kwat ɗin ta ƙara masa ƙiba.

Bayan an watse ya fara gaya mini wani abu a kan Mama da hular aro. Ya ɗauki lokaci. Shayina ya huce. Ashe ƙarshen labarin ba inda na zata ba ne, ko kusa.

Laima biyu yanzu bayan ƙofa. Na gyara jerin sarakuna, da fensir.

Sanarwar 2 ga Satumba an janye ta. Na yi kuskure, a kan 'yar ruwan sama, da kan mai furen, da wani abu guda da ya fi su daɗewa. Gobe ƙarfe huɗu da kwata, kujerar kusa da taga tawa ce.